Kwana uku a Santambul: a tsara tafiya kan lokutan salla kafin a cika waya da manhajoji

Duk wanda ya shiga Play Store ko App Store ya nemi manhajar tafiye-tafiye ta Musulmi zai ga kaya jibge. Akwai mai nuna alƙibla, akwai mai kiran salla, akwai mai nemo gidan abincin halal, har da mai alƙawarin tsara wa mutum yawon gaba ɗaya cikin minti biyu. Matafiyi yakan sauke biyar ko shida a daren da zai tashi, ya ba kowacce duk izinin da ta nema, ya kwanta da tunanin shiri ya kammala. Alhali ko rabinsa bai yi ba.

Abin da ke sa gajeren yawon buɗe ido ya dace da Musulmi shi ne jadawalin da aka gina a kan salloli biyar tun daga gida, aka adana shi ta yadda zai buɗu ko babu intanet. Manhaja ɗaya ko biyu sun isa su taimaka wa wannan jadawalin. Sauran yawanci cin batir suke yi da data, wasu ma har da sirrin mai wayar.

Birnin da ya fi dacewa a gwada wannan magana a kansa shi ne Santambul ta ƙasar Turkiyya. Jiragen Turkish Airlines suna tashi zuwa can daga Abuja da Legas da Yamai, kuma 'yan kasuwar da ke sarin tufafi a unguwannin Laleli da Merter sukan ƙara kwana biyu ko uku don ganin gari. Birni ne na Musulmi, masallatai ko'ina, don haka mutum zai zaci babu abin da za a shirya. Wannan zaton shi ne yake sa a dawo gida an ga ƙofar Topkapi a rufe, an kuma haɗa Azahar da La'asar da Magariba a ɗakin otal ba don an yi niyyar hakan ba.

Ranar Santambul ba irin ta Kano ba ce

Kano tana kan kimanin digiri 12 arewa da layin ikwaita, Santambul kuwa tana kan digiri 41. Wannan tazarar ita ce ke juya komai. A Kano ko Damagaram, Magariba ba ta cika fita daga tsakanin ƙarfe 6 da ƙarfe 7 na yamma ba duk shekara, har jiki ya saba, mutum kan san lokacin salla ko bai duba agogo ba. A Santambul tsawon yini yana kaiwa kimanin awa 15 a watan Yuni, ya sauko zuwa awa 9 da 'yan mintoci a Disamba.

A ƙarshen Yuni alfijir yana ketowa tun wajen ƙarfe 3 da rabi na dare, Magariba sai kusan 9 saura kwata, Isha'i kuma bayan 10 da rabi. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, Azahar wajen ƙarfe 1, La'asar kafin 3 da rabi, Magariba kafin ƙarfe 6. Wato a lokacin sanyi salloli uku suna faɗowa cikin awa biyar, kuma awa biyar ɗin su ne tsakiyar lokacin yawo. Wanda ya shiga layin fadar Topkapi da ƙarfe 12 na rana a Disamba, da wuya ya fito bai bar Azahar a baya ba. A lokacin zafi kuma matsalar barci ce: tsakanin Isha'i da alfijir bai kai awa biyar ba, ga yini mai tsawo ana tafiya a ƙafa kan tuddai.

Agogon Turkiyya yana gaba da na Najeriya da Nijar da awa biyu, kuma tun 2016 ƙasar ta daina sauya agogo tsakanin zafi da sanyi. Wayar da aka saita lokacinta da hannu ba za ta gyara kanta ba idan an sauka, kuma manhajar salla da ke cikinta za ta yi kira a kan kuskure. Kafin a tashi a mayar da saitin lokaci ya riƙa gyara kansa.

Abin da manhajar salla ke yi a ƙarƙashin murfi

Lissafin lokacin salla ba sirri ba ne. Abu uku yake buƙata: inda gari yake a doron ƙasa, kwanan wata, da tsarin lissafin da aka zaɓa. Azahar tana bin karkatar rana daga tsakiya, Magariba tana bin faɗuwarta, La'asar tana bin tsawon inuwa. Asuba da Isha'i ne ake saɓani a kansu, domin ana auna su da yadda rana ta nutse ƙasa da sararin da ido ke gani. Tsarin ƙungiyar Rabiɗa yana amfani da digiri 18 ga Asuba da 17 ga Isha'i. Na Masar 19.5 ne da 17.5. Na Arewacin Amurka 15 da 15. Na Ummul Ƙura ta Makka yana sa Asuba a 18.5, Isha'i kuma minti 90 bayan Magariba a wajen Ramadan.

A Kano bambancin digiri ɗaya bai wuce minti huɗu ko biyar ba. A Santambul cikin watan Yuni rana tana nutsewa a karkace, a hankali, don haka digirin nan ɗaya yana ninkawa. Wayar da aka bari a kan tsarin Masar da wadda ke kan na Amurka za su iya raba Asuba da fiye da rabin awa a ɗaki ɗaya. Masallatan Turkiyya kuwa jadawali ɗaya suke bi, na hukumar harkokin addini ta ƙasar mai suna Diyanet, wadda ke wallafa lokutan kowane gari a shafinta. Wannan jadawalin shi ne matafiyi yake buƙata. Ya buɗe shafin tun yana gida, ya ɗauki hoton lokutan kwanakin da zai yi, ya shigar da su kalandar wayarsa da ƙararrawa. Idan yana son manhaja, ya shiga saitinta ya zaɓi tsarin Diyanet, ya kwatanta da hoton da ya ɗauka.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya nunawa. Turkawa mabiya mazhabar Hanafiyya ne, kuma a masallatansu ana jinkirta jam'in Asuba har gari ya fara wayewa, ban da cikin Ramadan. Wanda ya ruga masallaci da zarar wayarsa ta yi kira zai iya tarar da ƙofa a rufe, ya tsaya cikin sanyi. Wannan bayani a bakin ma'aikacin otal ko ladanin unguwa ake samunsa, kuma matambayi ba ya ɓata.

Batun ƙasaru ma tun a gida ya kamata a warware shi. A mazhabar Malikiyya, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin matafiyi, wanda bai kai haka ba yana ƙasaru idan ya yi salla shi kaɗai, ya cika idan ya bi limamin gari. Tafiyar kwana uku tana ƙasa da wannan iyakar, amma yadda ake ƙirga ranar sauka da ranar tashi, da sharuɗɗan haɗa salloli, tambaya ce ta malami. Ba a barin ta ga manhajar da ba a san wanda ya rubuta ta ba.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Tunda lissafin yana buƙatar sunan gari da kwanan wata kawai, babu dalilin da zai sa manhajar salla ta nemi sanin inda mutum yake kowane minti, ko ta nemi ya buɗe asusu da imel. Ana iya yin lissafin gaba ɗaya a cikin waya ba tare da intanet ba. Akwai ma kod ɗin da aka saki kyauta ga kowa, irin su Adhan na Batoul Apps, wanda masu gina manhaja da yawa suke ɗorawa a kai. Idan manhaja ta nace sai an ba ta fiye da haka, to akwai wani abin da take yi da shi.

An riga an ga misali. A Nuwamban 2020 sashen Motherboard na mujallar Vice ya wallafa binciken da ya nuna cewa manhajar Muslim Pro, wadda a lokacin aka sauke ta kusan sau miliyan 98, tana aika bayanan wurin da masu amfani da ita suke ga wani kamfani mai suna X-Mode, shi kuma yana da abokan ciniki cikin 'yan kwangilar rundunar sojin Amurka. Muslim Pro ta musanta sayar wa soja bayanai, ta kuma sanar da yanke hulɗa da X-Mode. Wata guda bayan haka Apple da Google suka umarci masu manhajoji su cire kod ɗin X-Mode. A Janairun 2021 irin wannan rahoto ya fito a kan manhajar Salaat First. A Afrilun 2022 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa Google ya cire wasu manhajoji daga Play Store saboda kod ɗin tattara bayanai na wani kamfani mai suna Measurement Systems, kuma akwai manhajojin salla da alƙibla a cikinsu. A Janairun 2024 hukumar kare masu saye ta Amurka ta hana X-Mode, wanda ya koma Outlogic, sayar da bayanan wurare masu haɗari ga sirrin mutum, ciki har da wuraren ibada.

Ga matafiyi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tarihin wuraren da wayarsa ta je yana nuna otal ɗin da ya kwana, masallacin da ya yi salla, shagon da ya yi ciniki, da awa nawa ya yi a kowanne. Maganin yana cikin saiti. Tun daga Android 12 da iOS 14 ana iya ba manhaja ƙiyasin wuri maimakon ainihin inda ake tsaye. Mafi sauƙi ma a hana ta izinin gaba ɗaya, a rubuta sunan garin da hannu. Tsakanin gefen Turai na birnin da gefen Asiya, lokacin salla bai bambanta da abin da zai dami kowa ba.

Alƙibla a can ba gabas ba ce

A bakin Bahaushe fuskantar gabas da fuskantar alƙibla abu ɗaya ne, kuma da dalili: daga Kano, Ka'aba tana wajen digiri 68 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata arewa. Daga Santambul kuwa tana wajen digiri 152, kudu ce mai ɗan karkata gabas. Wanda ya duba inda rana ta fito ya shimfiɗa darduma, ya yi nesa da alƙibla ƙwarai.

Kibiyar manhaja ma ba abin dogaro ba ce kai tsaye. Tana aiki ne da ƙaramar na'urar jin maganaɗisu da ke cikin waya, kuma ƙarafan gini, da firij ɗin ɗakin otal, da rigar waya mai maganaɗisu duk suna ruɗa ta. Wasu ƙananan wayoyi ba su da na'urar kwata-kwata. Juya wayar a iska kamar ana zana lamba 8 yana gyara ta, amma hanya mafi tabbas ita ce a buɗe taswira a duba yadda masallacin da ke kusa ya fuskanta, a kwatanta da titin da tagar ɗaki ke kallo. Otal-otal da yawa suna manna alamar alƙibla a rufi ko cikin durowa. A Aya Sofiya ma ana ganin darasin da ido: an gina ta a matsayin coci a shekarar 537, don haka mihrabin da aka ƙara bayan 1453 ya ɗan kauce daga tsakiyar ginin, sahu ya bi shi a karkace.

Ranakun rufewa su ne ƙashin bayan jadawali

Bayan lokutan salla, abu na biyu da za a rubuta shi ne ranakun da wurare ke rufe. Fadar Topkapi, inda ake ajiye kayan tarihin da ake jingina wa Manzon Allah (SAW) da sahabbai, waɗanda aka fara kawowa bayan Sarki Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517, ba ta buɗewa ranar Talata. Fadar Dolmabahce tana rufe ranar Litinin. Babbar kasuwa mai rufi, wadda Turkawa ke kira Kapalıçarşı, ba ta ci ranar Lahadi. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida yana dakatar da masu kallo a lokutan salla da safiyar Juma'a. Aya Sofiya ta koma masallaci a Yulin 2020, kuma tun Janairun 2024 baƙi masu yawon kallo suna biyan Yuro 25 su hau benen sama, ƙofar masu ibada kuma dabam take.

A nan Musulmi yake da riba a kan sauran masu yawon buɗe ido. Lokacin da ake fitar da su, shi lokacin ne yake shiga. Idan ya jera wuraren da zai gani ta yadda kowace salla za ta riske shi a bakin babban masallaci, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ya samu jam'i, ya kuma ga ginin yana aikin da aka gina shi dominsa.

Saboda haka Alhamis zuwa Asabar sun fi dacewa. Ranar Alhamis a shiga Topkapi da zarar an buɗe da safe, a fito kafin Azahar a yi ta a Aya Sofiya ko Sultan Ahmad, duk tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci. Daga nan a hau taragon T1 zuwa babbar kasuwa, wadda masallacin Nuruosmaniye yake bakin ɗaya daga ƙofofinta, na Beyazıt kuma a ɗaya gefen, don haka La'asar ba ta da wahala. Magariba a Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya kammala a 1557, inda daga farfajiyarsa ake hango ruwa da gari.

Ranar Juma'a a tafi unguwar Ayyub Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake. Taragon T5 daga Eminönü yana kaiwa. Wurin yana cika maƙil, huɗuba da Turkanci ake yin ta kuma ba ta da tsawo, don haka a je da wuri da alwala. Bayan an sauko a koma Eminönü a hau jirgin fito zuwa Üsküdar a gefen Asiya. Masallacin Mihrimah Sultan yana daidai bakin tashar, na Çamlıca kuma, wanda aka buɗe a 2019 mai ɗaukar mutum 63,000, yana kan tudu a sama. Ranar Asabar ta ishi Dolmabahce, wadda ke kusa da Kabataş inda T1 ke ƙarewa, sai masallacin Ortaköy a bakin ruwa, sai kasuwar kayan ƙamshi da ke jikin Yeni Cami don tsaraba.

A lura da rubutun sunayen. Taswira da allunan tasha da haruffan Turkanci suke, don haka wanda ya rubuta Ayyub Sultan ko Sulaimaniyya zai iya samun wani wuri dabam. A nemo Eyüpsultan da Süleymaniye da Ayasofya tun a gida, a sa musu alama a taswira. Lokutan buɗewa da kuɗin shiga kuma a sake tabbatar da su a shafin kowane wuri kwana biyu kafin tashi, musamman idan tafiyar ta faɗo kusa da Sallah, lokacin da kasuwanni ke rufewa.

Wanda ratse kawai ya yi, yana jiran wani jirgin, Turkish Airlines yana da shirin Touristanbul na zagaya gari kyauta ga fasinjan da jiransa ya kai awa 6 zuwa 24, muddin yana da izinin shiga ƙasar. Maganar biza kuwa daga ofishin jakadancin Turkiyya ake tabbatar da ita, domin shafukan bogi masu kama da na gwamnati suna da yawa.

Intanet, taswira, caji da kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a Turkiyya wannan karin maganar yana da dalilai na fasaha. A 2025 hukumar sadarwar ƙasar ta toshe shafukan wasu kamfanonin eSIM na waje, ciki har da Airalo da Holafly. Wanda ya bari sai ya sauka sannan ya saya, zai iya kasa buɗe shafin. A saya a ɗora shi tun a gida. Kafin nan a danna *#06# a waya: idan lambar EID ta fito, wayar tana ɗaukar eSIM. Da yawa daga wayoyin Tecno da Infinix da itel ba sa ɗauka, don haka mai su zai sayi layin Turkcell ko Vodafone ko Türk Telekom da fasfo ɗinsa. Layin gida kuma a bar shi a kunne don saƙon banki, amma a kashe masa data.

Haka Booking.com: tun hukuncin wata kotu a 2017, ba a iya kama otal ɗin Turkiyya ta shafin idan ana cikin ƙasar. PayPal ma ya daina aiki a can tun 2016. Duk wani kama ɗaki a gama shi kafin a tashi, a adana takardar a waya a matsayin hoto, tare da hoton fasfo da biza da tikitin dawowa.

Google Maps yana bari a sauke taswirar gari, amma idan babu intanet hanyar mota kaɗai yake nunawa, ba ya nuna ta ƙafa ko ta jirgin ƙasa. Manhajar Organic Maps, wadda ke amfani da bayanan OpenStreetMap, tana nuna hanyar ƙafa ba tare da data ba, kuma tsohon gari da ƙafa ake cin sa. A sauke Turkanci a Google Translate, a ɗauki hoton taswirar layukan jirgi. Katin Istanbulkart guda ɗaya yana aiki a tarago da jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas da jirgin fito, ana sayensa a injin tasha. Daga babban filin jirgi akwai layin M11 da motocin Havaist, daga Sabiha Gökçen kuma akwai M4.

Soket ɗin Turkiyya mai rami biyu zagayayyu ne irin na Turai, don haka cajar Najeriya mai ƙafa uku tana buƙatar adafta. Fawa bank a jakar hannu ake sa shi, ba a cikin kayan awo ba, kuma iyakar da aka saba ita ce 100Wh. Lissafin mai sauƙi ne: a ninka mAh da 3.7 a raba da 1,000. Mai 20,000mAh ya kama 74Wh, ya wuce. Mai 30,000mAh ya kama 111Wh, sai da izinin kamfanin jirgi. Sanyi yana saurin shanye batir, shi ya sa jadawalin da aka rubuta a takarda ɗaya aka sa a aljihu yake da amfani.

Game da kuɗi, hauhawar farashi a Turkiyya ta haura kashi 85 cikin 100 a Oktoban 2022 bisa alƙaluman gwamnati, don haka farashin da aka ji a bidiyon YouTube na shekara biyu baya ya zama tarihi. A tambayi banki iyakar kati a ƙasar waje kafin a tashi. Idan injin POS ko ATM ya tambaya ko a cire da Lira ko da wani kuɗin, a zaɓi Lira, domin canjin da injin ke yi da kansa ya fi tsada.

Abinci da bukatun mata

A Santambul naman alade ba abu ne da ake cin karo da shi a gidajen abinci na yau da kullum ba, don haka manhajar nemo halal ba ta da aikin yi sosai. Abin da ya fi damun baƙo shi ne giya, wadda ake sayarwa a gidajen abinci da yawa na wuraren yawon buɗe ido. Kalmomi kaɗan sun isa: alkolsüz da içkisiz na nufin babu giya, domuz shi ne alade, mescit ƙaramin masallaci, abdest alwala. Ƙananan gidajen abincin da ake kira lokanta, inda ma'aikata ke cin abincin rana, sun fi araha kuma yawanci ba sa sayar da giya.

Mata suna da sashensu a masallatai, amma wurin alwalar da ke fili a farfajiya maza ne ke amfani da shi. Na mata yakan kasance a cikin banɗaki, wani lokaci na biya, wani lokaci da ɗan nisa. Iyalin da ke tafe da mata da yara su ƙara minti 20 kafin kowace salla a jadawalinsu, su riƙe 'yan canji da ledar takalmi. Babu manhajar da ke tuna wa mutum wannan, kuma shi ne ke raba ranar da ta tafi daidai da wadda aka yi ta cikin gaggawa.

Hujjar masu cewa manhaja ta fi sauƙi

Za a ce duk wannan aiki ne, alhali ChatGPT ko Gemini za su fitar da jadawalin kwana uku kafin a ce kwabo. Gaskiya ne suna da amfani wajen daftarin farko, da fassara, da jero wuraren da mutum bai taɓa ji ba. Amma irin waɗannan manhajoji suna rubuta abin da ya yi kama da daidai ne, kuma suna iya sa Topkapi ranar Talata ko su kawo tsohon farashi da cikakken ƙarfin hali. Idan ba a faɗa musu lokutan salla ba, ba za su bar musu gurbi ba. A ba su jadawalin Diyanet da ranakun rufewa, a ce su jera wurare a tsakani, sannan a bi kowane layi a tabbatar.

Za a kuma ce Santambul ta yi sauƙi, a Tokyo ko Faris fa? A can lallai manhajar nemo masallaci da abincin halal tana da amfani na gaske, domin ba a jin kiran salla kuma masallatai suna da nisa. Sai dai bayanan irin waɗannan manhajoji jama'a ne ke shigar da su, kuma gidan abincin da aka yaba shekara uku baya zai iya rufewa ko sauya mai shi. A biranen da suka fi arewa, irin su Landan, akwai makonni a tsakiyar zafi da rana ba ta nutsewa har digiri 18, lissafin Asuba da Isha'i ya tsaya, kowace manhaja ta cike gurbin da nata ƙiyasin. A can ma jadawalin babban masallacin garin shi ne abin bi. Wato inda manhaja ta fi amfani, nan ne ma aka fi bukatar a bincika ta tun daga gida.

Gwajin ƙarshe

Shirin duka bai wuce aikin yamma ɗaya ba: hoton lokutan salla na kwanakin tafiya, jerin ranakun rufewa, wurare uku ko huɗu a rana kowanne kusa da masallaci, taswira da fassara da aka sauke, eSIM da aka ɗora, adafta da fawa bank a jakar hannu, da manhajar salla guda ɗaya da aka hana ta bibiyar mai ita. Daga nan sai gwaji. Kwana ɗaya kafin tashi a sa wayar a yanayin jirgi, a gwada buɗe kowane ɗayansu. Duk abin da ya ƙi buɗuwa a ɗakin mutum a Kano ko Maraɗi, ba zai buɗu a bakin tashar Eminönü ba lokacin da data ta ƙare kuma La'asar ke shirin fita, don haka a gyara shi ko a rubuta shi a takarda kafin a kama hanyar filin jirgi.